Talabijin ɗin mota: Na fasinja a mace, na direba a kunne

Duk wanda ya saba shiga mota a Utako ya san hoton da zan kwatanta. Da asuba, tun kafin masu shayi su gama hura wuta, motoci ƙirar Sienna sun jeru a tasha da harabobin kamfanonin sufurin da suka cika unguwar, 'yan kamasho suna ta kiran Kaduna, Kano, Jos, Lakwaja, Legas. Ka biya kuɗi, ka shiga, ka zauna. In ka ɗaga kai, a da yawa daga cikin motocin za ka ga wani ɗan akwati manne da rufi, daidai bayan kan direba. Talabijin ne. An naɗe shi, ƙura ta cika bakinsa, wani ma an ɗaure shi da salatif don kada ya riƙa faɗowa a kan gargada. Ka tambayi direba, amsar ba ta canzawa: "Ai ba ya yi, haka muka saye ta." Sai ka sauke ido zuwa gaba, ka ga wani allon sabo fil, mai faɗin tafin hannu biyu, an dasa shi a tsakiyar dashbod inda rediyon asali yake a da. Wannan kam yana yi. Yana yi a tasha, yana yi a gosulon Zuba, yana kuma yi lokacin da motar ke sheƙa gudu a buɗaɗɗen titi.

Ra'ayina shi ne waɗannan abubuwa biyu ba tsautsayi ne ya haɗa su ba. Sau da yawa hannu ɗaya ne ya kashe na bayan ya kunna na gaban, a rana ɗaya, a rumfa ɗaya, mai motar kuma ya biya kuɗin aikin yana godiya.

Bara, ana jibi Babbar Sallah, na shiga irin wannan mota zuwa Kano. Mu bakwai ne fasinjoji, har da wata dattijuwa da jikokinta biyu. Direban mutum ne mai fara'a, shi ya ja mana addu'ar tafiya da kansa. Muna wuce Dutsen Zuma ya kai yatsa kan allon, wani shiri mai dogon zango ya fara. Yaran suka riƙa miƙa wuya ta tsakanin kujeru don su hango, alhali a saman kawunansu ga talabijin ɗin da aka yi dominsu yana lilo a rufe. Ni ina kujerar tsakiya, ƙeyar direban kawai nake kallo. Duk lokacin da murya ta tashi a fim ɗin, sai ƙeyar ta karkata dama kaɗan, ta dawo. Tsakanin Tafa da Jere, a wani wuri da aikin titi ya mayar da hannu biyu ɗaya, wata tirela ta rage gudu a gabanmu daidai lokacin da ƙeyar take dama. Aka taka birki irin wanda ke haɗa goshi da bayan kujera. Allah Ya kiyaye, kwanon abincin dattijuwar ne kawai ya kife.

Ta ce, "Ɗana, don girman Allah, ko dai ka kashe abin nan, ko ka sauke ni da jikokina a nan."

Ya ce, "Yi haƙuri Mama, ai ba kallo nake yi ba, ji kawai nake yi."

Ya kashe. Bayan mun tsaya salla da cin abinci a Kaduna ya sake kunnawa, amma a wannan karon ya rage muryar sosai don kada Mama ta ji. Mai ji kawai, sai ga shi ya zaɓi hoto ba murya. Ni kuwa, da digirina da katin ɗan jarida a aljihu, ban ce uffan ba har muka shiga Kano, kuma har yau abin yana cina.

Ba banza aka rataye talabijin ɗin asali a bayan kan direba ba. Sienna mota ce da Toyota ke haɗawa a garin Princeton na Jihar Indiyana domin iyalan Amurka, kuma tun daga ƙirar 2011 wasu daga cikinsu suka zo da allo mai inci 16.4 wanda ake iya raba shi biyu, yaro ɗaya ya kalli fim, ɗayan ya yi wasan bidiyo. Honda Odyssey ma ta zo da makamancinsa. Duk girman allon, an aje shi ne a inda mai tuƙi ba zai gan shi ba. Allon gaba na kamfani kuma, a motocin da suke da shi, ba ya nuna fim sai mota tana tsaye an saka birkin ajiya, wanda a tsofaffin Sienna da ƙafa ake taka shi. Da zarar ta motsa, hoto ya ɗauke, murya ta rage. Doka ce ta sa haka. A Jihar Kaliforniya sashe na 27602 na dokar ababen hawa ya haramta tuƙi alhali allon bidiyo yana aiki a inda direba ke iya ganinsa, in ban da irin na taswira da na kyamarar baya. A Birtaniya ƙa'ida ta 109 ta dokokin ƙira da amfani da motoci na 1986 ita ma abin da ta ce ke nan.

Sai motar ta tsufa a wurin masu ita, ta shiga gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Legas, ko a Kwatano kamar yadda aka fi yi kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. A wani wuri tsakanin filin gwanjo a Amurka da filin dillalai a Abuja, abubuwa uku sukan yi ɓatan dabo: rimot, da hedifon guda biyu marasa waya, da littafin mota. Wanda ya saya a nan zai danna maɓalli ɗaya ko biyu, ya ga shiru, ya yanke hukuncin cewa na'urar ta mutu. Rashin sani, in ji Bahaushe, kaza ta kwana a kan dami.

Na san haka ne ta motar yayana. Shekara biyu yana yawo da Sienna da talabijin a rufe, yana shirin kai ta a cire masa "tarkacen" a sa na zamani. Wata Asabar na zauna na sauke littafin motar daga intanet, shafi ɗaruruwa na Turancin injiniyoyi wanda ni da na yi shekara huɗu ina karanta Turanci sai da na riƙa maimaita wasu jimlolin. Abin da muka gano ya ba mu dariya da kunya. An kulle na'urar bayan ne daga rediyon gaba, wataƙila wata uwa ce a Amurka ta yi haka don 'ya'yanta su daina sauya mata faifai. Muka buɗe. Hedifon ɗin da muka tsinto a ƙarƙashin kujerar ƙarshe kuma batiransa ne suka zube. Muka goge, muka sa ƙananan batira biyu irin na rimot. Kuɗin gyaran gaba ɗaya bai kai na kwanon shinkafa a Utako ba. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai, ashe karatun nan naka yana da rana."

Saboda haka kafin mutum ya miƙa makulli ga mai rewaya, akwai abin da zai iya dubawa a ƙofar gidansa. Na'urar ba ta tashi sai an murɗa makulli zuwa mataki na farko ko an tayar da mota, kuma a wasu ƙirar sai rediyon gaba yana kunne an zaɓi ɓangaren baya a cikinsa. In duk da haka babu ko ƙyallin wuta, sai a duba fis, wato ɗan abin robar nan mai siririyar waya a ciki da ke ƙonewa don ya kare na'ura. Akwatinsa yana ƙarƙashin dashbod kusa da gwiwar direba, wani kuma a cikin bonet, kuma a bayan murfinsa an zana wurin kowanne. In ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya da shi. Al'adar nan ta naɗe ƙonannen fis da zaren waya ko takardar kwalin sigari ita ce hanya mafi sauƙi ta mayar da ƙaramar matsala gobara. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma a nan ne aikin gwani ya fara.

Rimot ana gwada shi da wayar hannu. Ka buɗe kyamara, ka nuna mata bakin rimot ɗin, ka danna kowane maɓalli. In yana da rai za ka ga wani ɗan haske yana ƙiftawa a fuskar wayar, hasken da ido ba ya gani amma kyamarar yawancin wayoyi tana gani. Da irin wannan hasken ne hedifon ɗin motar ke karɓar murya, ba da Bluetooth ba, shi ya sa ba ya haɗuwa da waya komai ƙoƙarinka. Dole ne ya kasance yana fuskantar allon ba tare da wani abu ya shiga tsakani ba. Jaka a kan cinya, ko mayafin da aka lulluɓe kai da shi, ko rana mai ƙarfi da ke dukan gefen motar, duk suna sa shi shashshaka. A kujerar gaba kuwa ba ya kamawa sosai, wannan ma da gangan ne. Mai tasha biyu yana da ɗan maɓalli a gefe, in yaro ya tura shi ɗaya tashar sai a ji shiru, a ce ya lalace.

Babbar rigimar tana wajen faifai, kuma a nan ne mutane da yawa suka fi yanke ƙauna. Masu fina-finai sun raba duniya shiyya-shiyya a tsarin DVD. Amurka da Kanada su ne shiyya ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya ta 2, Najeriya da mafi yawan Afirka ta 5. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka ba ta karɓar faifan da aka kulle wa wata shiyya. Ko faifan ba shi da kulle, kamar yawancin waɗanda aka riƙa sayarwa a Ƙofar Wambai zamanin da kasuwar faifan Kannywood ke ci, akwai wata katangar. Talabijin ɗin Amurka yana bin tsarin NTSC mai layi 525, namu na Najeriya tsarin PAL mai layi 625. In ka sa faifan PAL a na'urar NTSC, ko dai ta tofo shi, ko ta nuna hoto fari da baƙi yana birgima. Faifan da aka zuba wa fina-finai daga kwamfuta a tsarin MP4 shi ma tsofaffin na'urorin ba su san shi ba. Duk wannan ba lalacewa ba ce. Baƙo ne aka yi masa magana da harshen da bai iya ba.

Akwai kuma abin da ƙasarmu ke yi wa na'urar. Ƙurar hunturu tana hawa kan ɗan idon da ke karanta faifai, zafin watan Maris da Afrilu a cikin motar da ta wuni a rana yana sa na'urar ta kashe kanta har sai ta huce, ramukan hanya kuma suna sa faifai tsalle. Gwajin da ke raba gardama shi ne na ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, waɗanda ke bayan akwatin tsakanin kujerun gaba ko a bangon gefe, gwargwadon ƙirar motar. In ka jona musu wata na'ura hoto ya fito, allonka lafiya lau yake. Daga nan ma ba ka da sauran buƙatar faifai, tun da yanzu Labarina da Izzar So da sauransu a YouTube ake kallonsu ko a wurin masu tura fim a waya. Akwai ɗan ƙaramin akwati mai karanta filash da memori da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki. A jona shi a waɗannan ramuka, a shiga saitinsa a zaɓi NTSC, shi ke nan. Sababbin ƙira suna da ramin HDMI, sai dai mutum ya sani cewa yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta wayar caji, don kada ya sayi igiya uku yana zargin mota.

Gargaɗi biyu a taƙaice. Soket ɗin da ke cikin motocin Amurka yana ba da wuta mai volt 115 ko 120 ne, ba 230 irin na gidajenmu ba, kuma a tsofaffin ƙira ƙarfinsa bai wuce wat 100 zuwa 150 ba. Cajar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 za ta yi aiki, butar dafa ruwa ba za ta yi ba. Sannan kallon fim na awa biyu da inji a kashe yana kwantar da batir, barin inji yana aiki a rufaffen gareji kuma yana kwantar da mutum, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

To, ya aka yi ake kashe na bayan a kunna na gaban? Mai mota yana son taswira, da Bluetooth, da kyamarar baya, buƙatu ne na gaskiya waɗanda tsohon rediyo ba ya biya. Sai ya sayi allo mai tsarin Android ya kai a sa masa. Rediyon asali da na'urar baya suna magana da juna ta wasu wayoyi na musamman, tsarin da Toyota ke kira AVC-LAN, kuma ta cikin rediyon ne muryar fim ke bi ta fita a sifikokin mota. In aka zare rediyon ba tare da an sa adaftar da ke riƙe wannan alaƙa ba, wani lokaci allon baya ya ƙi tashi, wani lokaci ya nuna hoto babu murya. Adaftar tana da tsada kuma sai an yi odarta, almakashi kuwa yana aljihu. Sai a datse filogin kamfani, a murɗa wayoyi, a naɗe da baƙin salatif, a tura cikin dashbod. Garin neman gira an rasa ido.

Sabon allon shi ma ya zo da nasa kariyar. A cikin tarin wayoyin da ke bayansa akwai ɗaya siririya da aka ce a jona ta da birkin ajiya, don fim ya ƙi fitowa in mota tana tafiya. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaure ta a jikin ƙarfen motar, sai na'urar ta ɗauka kullum a tsaye ake. A wasu ma ba sai an taɓa waya ba, wani ɗan zaɓi ne a cikin saiti da ake kashewa da yatsa ɗaya. Aikin minti biyu ne. Ba na ɗora wa mai rewaya laifin shi kaɗai. A Apo, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai masu rewaya da suka san aikinsu fiye da yadda na san nawa. Amma in mai mota ya dawo yana faɗa cewa "talabijin ɗin da ka sa min yana ɗaukewa in na tashi," kuma maƙwabcin rumfa a shirye yake ya yi abin da ka ƙi, mutum nawa ne zai tsaya yana wa'azi? Abin da na fi jin tsoro a wannan yankan wayoyi shi ne masu launin rawaya da ke bi ta dashbod da gefen rufi, domin su ne na jakar iskar nan da ke kumbura ta kare mutum a haɗari, wadda kanikawa ke kira iyabag. Wanda ya je rataya sabon allo a rufi da sukurai masu tsawo yana iya lalata ta, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka buƙace ta.

Yanzu mu yi lissafin da ɗan aji shida zai iya. Ƙa'idar tuƙi ta Najeriya ta ƙayyade wa motocin haya kilomita 90 a awa ɗaya a kan babban titi. Mu ɗauka direbanmu mai biyayya ne bai wuce haka ba. Kilomita 90 a awa mita 25 ke nan a kowane sakan. In ya kalli allo na sakan huɗu, gwargwadon lokacin da jaruma za ta juyo ta mayar da martani, motar ta ci mita 100, kusan tsawon filin ƙwallo, ba tare da kowa yana kallon hanya ba. Wani bincike da Cibiyar Nazarin Sufuri ta Jami'ar Virginia Tech ta yi wa hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, wanda aka fitar a 2006 bayan an dasa kyamarori a motoci 100, ya nuna cewa ɗauke ido daga hanya fiye da sakan biyu yana ninka yiwuwar haɗari aƙalla sau biyu. A titunan Amurka ke nan, inda babu shanu masu tsallakawa, babu tankar da ta mutu aka yi mata alama da ganye. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, tun Disambar 2017 aka bayar da kwangilar sake gina shi, kuma shekaru da dama matafiya suka yi suna bin sa cikin karkatar da hanya da shingayen siminti.

Aikina shi ne gyara labarai da sa musu kanu, kuma labarin haɗarin mota yana daga cikin waɗanda suka fi yawan zuwa tebur. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da mutum 5,000 suka mutu a titunanmu a 2023, haka ma a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mutuwar idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A labaran da nake gyarawa dalilin kan zo da kalmomin da na haddace: gudun wuce sa'a, fashewar taya, tsallake mota ba bisa ƙa'ida ba, ƙwacewar sitiyari. Ban taɓa sa kanun da ya ce kallon fim ba. Allo yana farfashewa tare da dashbod, kuma "sitiyari ya ƙwace" jimla ce mai faɗi da ke iya rufe abubuwa da yawa.

Direbobi suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce fim yana kore musu barci. Mutumin da ya tashi tun ƙarfe huɗu, ya jira lodi, ya yi Kano, kuma ana so ya juyo a ranar saboda da yawan sawu ake biyansa, barci abokin gabarsa ne na gaske. Na yarda. Amma abin da ke kore barci a fim murya ce da labari, kuma waɗannan kunne ne ke ɗaukarsu. Akwai rediyo, akwai karatun Alƙur'ani da wa'azi, akwai waƙa, akwai littattafan Hausa da ake karantawa a murya, akwai hira da na kusa. Duk waɗannan sun bar ido a inda yake. In kuwa gajiyar ta kai matakin da sai hoto mai motsi ne zai riƙe idon mutum a buɗe, maganinta tsayawa ne a gefen hanya, kuma tambayar ta koma kan mai kamfanin da ya tsara sawun. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kowane direba ya haddace cewa amsa waya a kan tuƙi laifi ne mai tarar Naira 4,000, kuma da ya hango jami'an kiyaye haɗurra zai jefa wayar a cinya. Allon da ya ninka wayar girma sau huɗu kuwa yana ci gaba da haskawa har a gaban shingen, ban kuma taɓa ganin an tsayar da mota saboda shi ba. Ba sai an tare motoci ɗaya bayan ɗaya a Zuba ba. Tun 2007 hukumar take da tsarin tantance kamfanonin sufuri masu motoci biyar zuwa sama, inda ake duba motocinsu da direbobinsu. A ƙara layi ɗaya a takardar binciken: a saki birkin ajiya, a kunna bidiyo, in hoto ya fito motar ba ta ci ba. Kamfanonin da ke Utako da Jabi ba su fi ƙarfin ƙirgawa ba, kuma yawancinsu a 'yan tituna kaɗan suke. Shugabannin NURTW da RTEAN a tasha, waɗanda ba sa barin mota ta fita ba ta biya kuɗin lodi ba, za su iya hana ta fita da fim a dashbod in sun ga dama. Ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma za ta iya cire wa ɗan rumfa tsoron maƙwabcinsa in ta mayar da jona wayar birkin nan ƙa'idar sana'a. Ko babban kamfani irin Tesla, a Disambar 2021, sai da ya rufe damar yin wasan bidiyo a allon gaba lokacin tafiya bayan hukumar Amurka ta buɗe bincike a kan motocinsa kusan 580,000.

Kada a ɗauka ina tallan talabijin ɗin baya ne ba tare da sharaɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da jariri gaban allo sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, tafiyar Kano kuwa ta ninka haka sau da yawa. Wasu yaran suna yin jiri da amai, domin ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune ake, cikin kunne kuma yana gaya mata ana tafiya, kuma maganin shi ne a rufe allon a dubi nesa ta taga. A motar haya akwai kuma batun wa ke zaɓar abin da za a kalla, ga yara, ga malami da carbinsa, ga mara lafiyar da aka sallamo daga asibiti. Hedifon ɗin nan da muke yarwa amsar wannan tambaya ce tun daga kamfani. Duk da haka na fi son allon da aka ɗaure da ƙusoshi a rufi, wanda yaro zai kalla yana zaune da bel a ƙirjinsa, a kan wayar da zai riƙe a hannu ko fim ɗin dashbod da zai sa shi ya kwance bel ya tsaya tsakanin kujeru, daidai inda birki ɗaya zai wurga shi gilashin gaba.

A motar Yaya yanzu an yi yarjejeniya: ba a buɗe allon sai an wuce Dutsen Zuma, don yaran su ga da idonsu abin da ke jikin Naira 100, kuma ana rufe shi daga Kwanar Ɗangora don su ga gonakin shinkafar Kadawa da Kura. Taswira kuwa a waya yake bi, ya maƙale ta a gefen sitiyari tana yi masa magana, rediyon asali yana nan inda yake.

Ni ma na sauya wani abu. In zan yi tafiya daga Utako nakan ƙara kuɗi in karɓi kujerar gaba, kuma da an shafa addu'a nake faɗar abin da ya kamata in faɗa ranar da Mama ta riga ni. A tafiyata ta ƙarshe na ce, "Malam direba, don Allah a taimaka a bar mana allon nan a kashe har mu isa." Ya dube ni, ya dubi allon, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ko kai ma'aikacin Rod Sefti ne?" Na ce a'a, fasinja ne. Ya ɗan yi shiru, sannan ya lalubo tashar rediyo, muka kama hanyar Kubwa ana karanta labaran safe.